Amsa: Koya wa yara yadda ake ƙulla yarjejeniya

Malama, kin tambayi yadda za ki fahimtar da 'yan ƙaramar sakandare yadda ƙasashe ke ƙulla yarjejeniya, tunda haddar ma'ana ba ta zama musu a kai. A ganina ki ajiye littafin, ki ɗauko maganar Bakassi, yankin da Najeriya da Kamaru suka yi rigima a kansa.

Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a Oktoban 2002, amma hukuncin bai ɗaga sojan Najeriya ko ɗaya daga can ba. Sai da Kofi Annan, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya zaunar da Obasanjo da shugaban Kamaru Paul Biya suka sa hannu kan yarjejeniya a Greentree, jihar New York, ranar 12 ga Yunin 2006.

Ki raba ajin gida uku: Najeriya, Kamaru, da mai shiga tsakani. Kowane ɓangare ki miƙa masa 'yar takarda a ɓoye, ɗauke da abin da zai iya sassautawa da wanda ba zai saki ba ko ana ha-maza-ha-mata. Nan daɗin yake, don za ki ga yaro ya tsuga kuɗi kamar mai sayar da rago ranar jajiberin Sallah. Kada ki bari su tsaya gardamar "na wa ne", kotu ta riga ta gama wannan. Su yi ciniki kan wa'adin janye soja, wanda a ainihin takardar kwana 60 ne, da makomar masuntan Najeriya mazauna can.

In sun sa hannu, ki tayar da wasu yaran su zama majalisa. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar, kuma 'yan Majalisar Dattawa sun yi tirjiya kan Bakassi a 2007.

Darasi ɗaya ba zai isa ba, ki nemi biyu a jere.