Henry Rono: Ɗalibin Da Ya Kafa Tarihin Duniya Sau Huɗu

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Na ji ana cewa akwai wani ɗan Kenya da ya kafa tarihin duniya har sau huɗu a tseren dogon zango alhali yana ɗalibin jami'a a Amurka. Wane ne shi, kuma me ya sa ba a cika jin sunansa ba?

Amsa: Malam mai tambaya, wanda ake nufi shi ne Henry Rono, ɗan ƙabilar Nandi da aka haifa a 1952. Ya yi karatu a Jami'ar Jihar Washington da ke garin Pullman, inda ya samu horo a hannun John Chaplin, kuma ya lashe gasar tseren daji ta jami'o'in Amurka a 1976 da 1977 da 1979.

A 1978 ne ya yi abin da har yau ake jinjina masa. Cikin kwana 81 kacal, daga watan Afrilu zuwa Yuni, ya karya tarihin duniya a tseren mita 5,000 a Berkeley, da mita 3,000 mai tsallake shinge da ramin ruwa a Seattle, da mita 10,000 a Biyana, sannan ya rufe da mita 3,000 a Oslo. Biyu daga ciki, wato na Seattle da na Oslo, ba a samu wanda ya karya su ba sai a 1989. A 1978 ɗin dai ya ci zinare biyu a wasannin Afirka a Aljiyas, ya ƙara wasu biyu a wasannin ƙasashen renon Ingila a Edmonton.

Game da rashin shahararsa kuwa, a ganina siyasa ce ta fi cutar da shi. Duniya ta fi riƙe sunan wanda ya ci zinare a gasar Olamfik, shi kuwa Rono bai taɓa taka filinta ba. A 1976 ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Kenya da Najeriya, sun ƙaurace wa gasar Montreal saboda an bar New Zealand ta shiga gasar duk da cewa 'yan wasanta na zari-ruga sun je Afirka ta Kudu a zamanin mulkin wariyar launin fata. A 1980, lokacin da yake ganiyarsa, Kenya ta sake ƙaurace wa gasar Mosko.

Bayan ya sake inganta tarihinsa na mita 5,000 a 1981, shan giya ya rinjaye shi, har ta kai shi ga rasa muhalli da ɗaukar kayan matafiya a filin jirgin sama na Albuquerque. Daga baya ya farfaɗo, ya zama malamin makaranta kuma mai horar da 'yan tsere a jihar New Mexico, kafin ya koma Kenya, inda ya rasu a Nairobi a watan Fabrairun 2024.