Amsoshin tambayoyinku: in sayi mabiya ko in biya kuɗin talla?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan satin kusan duk a kan sana'a ta waya ne, to na ɗauko guda uku da nake ganin amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Ta farko daga wata ƙanwata ce a Zariya, ta ce: "Anti ina haɗa turaren wuta da humra a gida, ina da shafi a Instagram amma mabiyana ba su kai 400 ba. Na tara dubu 30, wani ya ce in ba shi dubu 10 ya ƙara min mabiya dubu 5, ƙawata kuma ta ce gara in ba wata mai babban shafi ta tallata min. Dan Allah wanne zan yi?"

Ƙanwata dan girman Allah kar ki ba mutumin nan ko sisi. Waɗannan mabiyan da ake sayarwa yawancinsu ba mutane ba ne, asusun bogi ne da ake buɗewa da inji, ba za su taɓa sayen ko kwalba ɗaya ba, kuma ba a nan ɓarnar ta tsaya ba, domin Instagram yana lura da yadda mutane ke tsayawa su kalli abin da kika ɗora, su yi laik su yi magana su tura wa wasu, da wannan yake gane ko ya ƙara nuna wa jama'a ko ya bar shi a kwance, to kinga idan mabiyanki dubu 5 ne amma babu mai motsi a cikinsu ai kin gaya masa da bakinki cewa kayanki ba su burge kowa ba. Sannan kwastomomin yanzu idonsu a buɗe yake, mace za ta shigo ta ga mabiya dubu 5 da laik 6 a ƙarƙashin hoto, nan take zuciyarta ta ba ta cewa 'yan damfara ne ta yi gaba. Ga shi kuma ya saɓa dokar kamfanin, suna share irin waɗannan asusun lokaci zuwa lokaci.

Shawarar ƙawarki ta fi, amma da sharaɗi. Kafin ki tura wa mai babban shafi kuɗi ki ce ta nuna miki hoton alƙaluman shafinta, duk shafin kasuwanci yana nuna garuruwan da mabiya suka fi yawa da shekarunsu da ko maza ne ko mata. Idan yawancin masu binta samari ne da ke zuwa kallon barkwanci, me za su yi da humrarki? Ki kuma tambaya a rubuce, a sitori za ta sa ko a kan shafi, don sitori awa 24 ne ya ɓace. Ki nemi mutum ɗaya ko biyu da ta taɓa yi wa talla ki ji ko sun samu oda ko dai yabo kawai suka samu.

Amma ni da ni ce ke, abin da zan fara dubawa shi ne turare ba ya bi ta waya ya shiga hanci. Komai kyan hoto ba wanda zai ji ƙamshi. Saboda haka zan ware dubu 10 in sayi ƙananan kwalabe in zuba ɗan samfur, in manna takarda mai sunan sana'a da lambar WhatsApp a jiki, in raba a gidan biki da suna da Islamiyya da wajen masu kitso da lalle, don nan ne mata ke zama su daɗe suna hira. Wadda ta turara ta ji daɗi ita za ta nemo ki, kuma ki roƙe ta ta yi miki ɗan saƙon murya ko rubutu, ki nemi izininta ki ɗora. Wannan shedar ta fi mabiya dubu. Sauran kuɗin ki gwada tallan Meta, wato kamfanin da ya mallaki Instagram da Facebook, kaɗan kaɗan, ki zaɓi mata, ki zaɓi Zariya da Kaduna kawai inda aika kaya ba zai ba ki wahala ba, ki sa maɓallin da zai kawo mutum kai tsaye WhatsApp ɗinki, ki yanke abin da za a cire kullum ki bar shi ya yi kamar sati ki ga me ya kawo. Ki sa a lissafi cewa tun Janairun 2022 ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallan a Najeriya, kar ki ga an cire fiye da abin da kika rubuta ki ɗauka cuta ce.

Ta biyu wani Alhaji ne mai shagon shadda da atamfa a Kantin Kwari: "Hajiya yaron shagona ya matsa min in buɗe TikTok da Facebook da X duka, wai kuma sai na sayi iPhone don hoto ya yi kyau. Ni dai WhatsApp na sani. Ya kike gani?"

Alhaji ranka ya daɗe, abin da ka sani ɗin nan shi ne babba. Ka sauke WhatsApp Business, kyauta ne, tun 2018 aka fito da shi saboda irinku, akwai wurin jera kaya da hoto da farashi, akwai saƙon da ke amsa wa mutum da kansa idan kana masallaci ko ka tashi, akwai alamar da za ka sa wa kowa, wannan ya biya, wannan ana binsa, wannan kayansa suna tasha. Za ka iya tura saƙo ɗaya wa mutum 256 a lokaci guda, sai dai wanda ya ajiye lambarka a wayarsa ne kaɗai zai samu, don haka duk wanda ya shigo shago daga Maraɗi ko Gombe ko Yola a ce masa ya ajiye lambar kafin ya fita. Kar dai a riƙa jefa mutane cikin guruf ba a tambaye su ba, yana ɓata rai sosai.

Bayan wannan ka ƙara guda ɗaya tak wanda yaron zai iya kula da shi kullum, in ya iya bidiyo TikTok ya isa. Shafi huɗu da ba a amsa saƙo a cikinsu zubar da mutuncin shago ne.

Maganar iPhone kuwa ba dole ba ce, waya mai kyamara daidai gwargwado ta wadatar, haske shi ne sirrin. A fito da yadin bakin ƙofa da hantsi a ɗauka, kuma a hana yaron sa wa hoto filta, don shadda ruwan toka idan ta koma shuɗiya a hoto mai saye a Jos zai buɗe kaya ya ga ba ita ba ce, kuma ba zai ce yaron shago ba, Alhaji zai ce.

Wani abu da nake so ka riƙe da kyau, waɗannan shafukan duk gidan haya ne, ba naka ba. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, wato X na yanzu, daga Yunin 2021 har Janairun 2022, wajen wata bakwai, masu sana'a a can suka rasa hanyar kwastomominsu. A ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya kusan awa shida a duniya, tunda duk kamfani ɗaya ne. To ka sayi littafi, a rubuta sunan kowane kwastoma da lambarsa da garinsu da irin kayan da yake ɗauka, har da lambobin direbobin tasha da kake ba saƙo.

Ta uku wani matashi ne daga Gusau mai sayar da takalma: "Mama an turo min alat na dubu 18 na aika kaya, ashe na bogi ne. Ya zan kare kaina?"

Allah Ya mayar maka da alheri ɗana. Daga yau saƙon tes da hoton rasit ba sheda ba ne, ka buɗe manhajar bankinka, ko OPay ne ko Moniepoint, ka ga kuɗin sun shiga da idonka kafin kaya su bar hannunka, ko da mai sayen yana ta kira yana cewa mota za ta tashi. Idan hali ya yi ka yi wa sunan sana'arka rajista a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ka buɗe asusu da wannan sunan, masu saye sun fi sakin jiki. Kuma yau ɗin nan ka shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka, ko ya ce daga guruf ɗin 'yan kasuwa yake ko za a saka ka a taro, ka kashe wayar, da lambobin nan ake ƙwace asusu a koma ana roƙon kwastomominka kuɗi da sunanka.