Me Ya Sa Suke Daɗewa Ba Su Taɓa Zanen Ba?

Ɗana, jiya ka tambaye ni me ya sa a ɗakunan binciken jami'o'i ɗalibin da ke koyon gyaran tsofaffin zane-zane ke shafe makonni yana kallon tsohon zane bai sa masa hannu ba, alhali kai da an kawo aiki hannunka ke ƙaiƙayi. To, ba lalaci ba ne.

Zanen fentin mai hawa-hawa ne: yadi ko katako a ƙasa, sai farar shimfiɗa, sai fenti, sai banish, wato man ƙyallin da ake shafawa a sama don kare fentin. Ido kuwa na saman kaɗai yake gani. Shi ya sa suke farawa da haske. In aka kashe fitilu aka haska ultrabayolet, wani haske da ido ba ya gani, tsohon banish sai ya yi ƙyalli kore-kore, facin da wani ya yi daga baya kuma ya fito duhu, ya tona kansa. Infrared, shi ma hasken da ido ba ya gani, na ratsa fenti ya nuna zanen gawayin da mai aikin ya fara yi. Hoton eksire, irin na asibiti, yana nuna ƙusoshi da tsohuwar yagewa. Sannan a tsinko ɗigon fenti da bai kai kan allura ba, a duba shi ta madubin likita.

Wannan tsari ya daɗe. Tun 1928 Edward Forbes ya buɗe sashen irin wannan bincike a gidan tarihin Fogg na Jami'ar Harvard. Ambaliyar birnin Florence na Italiya ta 1966, da ta cika littattafai da zane-zane da taɓo, ta nuna ƙarancin ƙwararrun masu gyara. Jami'ar Delaware ta fara horar da masu gyara tare da gidan tarihin Winterthur a 1974, Jami'ar Kambirij ta buɗe cibiyar gyaran zane ta Hamilton Kerr a 1976.

Abin da ya fi burge ni a wurinsu shi ne ƙa'idar nan: kada ka sa abin da na bayanka ba zai iya cirewa ba. An taɓa kawo mini rubutun hannu da wani ya liƙe da salatif, da niyyar alheri dai. Gam ɗin ya shige takardar, ta yi ruwan ƙasa, har yau tabon na nan. Su kam da kunun sitacin alkama da siririyar takardar Japan suke faci, danshi kaɗan ya sake shi.

Amma fa tawadarmu ta ƙaro ba ta shiri da ruwa. Kafin ka taɓa shafin rubutun hannun can da za ka gyara gobe, ɗauki auduga mai ɗan danshi ka gwada a gefen harafi ɗaya, sannan ka kira ni.