Ga 'yar'uwar da ke tambaya ko butulci ne

Wa alaikumus salam, Maman yara. Kin ce 'ya'yanki uku, maigida bai rage ki da ci da sutura ba, amma sai ki tsinci kanki kina kuka a kicin, har kina zargin kanki da rashin godiyar Allah. Ni dai a ganina kaɗaici ne ke cin ki.

A gidan yawa na taso a Gwale. Iyayenmu ma a kulle suke, amma tsakar gida cike take: ga faccaloli, ga kaka, wannan na daka, waccan na kitso, ana hira. Mai jego kuwa sai ta yi arba'in ana dama mata kunun kanwa, ba ta ɗora tukunya. Da aka kai ni Rijiyar Zaki, filat ne da get. Maigida ya fita Kantin Kwari da safe, sai bayan isha'i. Daga ni sai yara sai waya. Irin zaman iyayenmu ake so mu yi, amma babu taron da ya sauƙaƙa musu shi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma, kuɗin adaidaita sahu ya sa ziyarar gida ma sai an yi lissafi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne a ce "ai ba ta aikin komai". Wanki, shara, girki sau uku, raino, dare ya yi kuma a ce ki yi kwalliya. In kin buɗe baki a ce ki yi haƙuri, wasu ma miji suke nema.

Islamiyyar matan aure ce ta fara fitar da ni, daga nan na shiga adashi, na soma kunun aya. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma ana sallama a ƙofata kullum. In ke ma za ki gwada, ki nemi izinin maigida lokacin da ya ci ya huta, ba yana shigowa ba.

Amma fa in barci da cin abinci sun gagare ki fiye da mako 2, musamman tunda kina goyo, kada a tsaya kan tofi kaɗai. Akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma yana da magani. Asibitin Malam Aminu Kano na da likitocin ƙwaƙwalwa. Ki samu yayarki ko ƙanwar mahaifiyarki ta raka ki.