Kati dai kati, amma wane katin?

Tambaya: Salam Malam, wayata kullum sai ta rubuto wai wuri ya cika, hoto ma baya ɗaukuwa, yarona yace sai na sa kati, na sayi na ɗari biyar na loda amma ba abinda ya canza. Kuɗina sun tafi kenan? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, kwantar da hankalinki kuɗinki na nan, danna *310# zaki gansu. Yaron ne bai ƙarasa miki maganar ba, katin memori yake nufi, ɗan mitsitsin nan kamar farce da ake zurawa a gefen waya kusa da sim. Wanda kika loda na kira ne, ba ruwansa da ajiya. Ki nemi mai giga 32, wato girman wurin ajiyarsa, ya isheki, amma a shagon da aka sani, don jabu sun cika kasuwa, zaki ga an rubuta 64 ko 128 a jiki sai kin zuba hotunan biki su ƙi buɗewa. Kuma a fara duba wayar, wasu sababbin basu da gurbin memori sam, in irinsu ce sai dai a rage bidiyoyin WhatsApp, su ne ke cinye wurin.

Ba laifinki bane wallahi, kalmar ce muka ɗora mata kaya da yawa. A asibiti a yanki kati, a INEC katin zaɓe, ga katin ɗaurin aure, ga jan kati a filin ƙwallo wanda aka fara baiwa alƙalai izinin amfani dashi a gasar kofin duniya ta 1970, sim ɗin ma kati ne.

Wanda ke tayar min da hankali shine na ATM, don 'yan damfara da wannan ruɗanin suke cin abinci, mutum ya kira yace daga banki ne karanto min lambar kati, tsohuwa ta ɗauka kamar lambar katin asibiti ce ta karanto. Dogayen lambobin gaba, da kwanan watan ƙarewa, da guda ukun nan na baya, da lambar da za'a turo ta tes, in suka haɗu a hannun ɓarawo sun isa a kwashe asusu. Banki baya tambayar PIN ko lambar tes ta waya Hajiya, duk wanda ya tambaya ki kashe kiran, in kuma kin riga kin faɗa to a garzaya a rufe katin a ranar kar a kwana.