Tambaya da Amsa: Yunwa a Amurka, alhali ɗana sai ƙiba yake yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana direban tasi ne a unguwar Bronx ta New York. A hoto ya yi ƙiba har da tumbi, amma likita ya ce yana da ciwon suga, matarsa kuma ta shaida mini cewa ƙarshen wata sukan bi layin karɓar abincin agaji. Yaya mai ƙiba zai yi kukan yunwa a ƙasar masu arziki?
Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Surukarki ba ta yi ƙari ba. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce a 2023 gidaje 13.5 cikin 100, mutum sama da miliyan 47 ke nan, sun yi fama da ƙarancin abinci. A Birtaniya ma ƙungiyar Trussell Trust ta raba ƙunshin abincin gaggawa fiye da miliyan 3 daga Afrilun 2023 zuwa Maris 2024.

Yunwar can ba ta cika zuwa da rama ba. Kuɗin haya da na wuta da inshorar mota ba su jira, to abinci kaɗai ake iya matsewa. Abin da ya fi araha kuwa shi ne farin burodi, taliyar leda, lemon kwalba da soye-soye, yayin da ganye da kifi da 'ya'yan itace ke da tsada. Ciki ya cika, jiki bai samu abin gina shi ba. Daga nan sai ƙiba, hawan jini da suga, yara kuma ƙarancin jini. Ga shi babu mai waken bakin titi da za ta zuba maka bashi, kamar yadda aka saba a Zango.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne sugan. Mai allurar insulin, ko mai shan ƙwaya irin glipizide, idan ya sha magani bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa warwas. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan asibitocin Kalifoniya ya gano cewa kwantar da masu ƙaramin ƙarfi saboda faɗuwar suga na ƙaruwa da kashi 27 cikin 100 a makon ƙarshe na wata idan aka kwatanta da makon farko. Alamominsa gumi ne, karkarwa, jiri da ruɗewa, kuma ga mai riƙe da sitiyari wannan ba abin wasa ba ne. Idan ya ji haka ya faka motar nan take ya auna. In awon ya gaza 70, ya sha rabin kofin ruwan lemo ko babban cokali ɗaya na sukari, ya sake aunawa bayan minti 15. Kada motarsa ta rabu da alewa.

Ya kuma ajiye kunya ya faɗa wa likita cewa abinci na yanke musu, domin a daidaita masa maganin. Idan matar na da ciki ko goyo, ko suna da yaro ƙasa da shekara 5, ta nemi tallafin WIC, wato shirin gwamnati na taimaka wa mata da ƙananan yara da abinci. Katin abinci na SNAP kuwa ya danganta da kuɗin shiga da irin takardun zaman mutum, don haka su tuntuɓi lauya tukuna. Idan suka kira lambar waya 311 a New York za a nuna musu wurin rabon abinci mafi kusa. A can su zaɓi busasshen wake, kifin gwangwani da daskararren ganye, su ɗauraye waken gwangwani don rage gishiri, su kuma karanta jikin kwali saboda kayan alade.

Ke kuma Hajiya, muna roƙonki ki tambaye shi kai tsaye: bayan ya turo kuɗin gida, nawa ke rage musu na cefane? Da yawa daga 'ya'yanmu na can sun gwammace su kwana da shayi da burodi da a ce sun gaza wa iyaye. Idan ana iya ɗaga masa kuɗin biki ko na gini zuwa wani lokaci, a ɗaga, kuma ya ji hakan daga bakinki.