Amsa: Kuɗin gyaran titi da birni ya ɗora wa gidanka a Minnesota

Malam, ka tambaya ko birni na da hurumin karɓar kuɗin sabunta titin unguwarku daga masu gidaje ƙari a kan harajin shekara. Yana da shi, dokar jihar babi na 429 ta ba shi. Amma akwai iyaka: kuɗin da za a ɗora maka bai kamata ya wuce ƙarin darajar da aikin ya kawo wa gidanka ba. Nan ne za ka iya ƙalubalantar kuɗin.

Don Allah kada ka ajiye takardar sanarwar kuɗin da birni ya aiko maka ka manta. Rubuta ƙorafinka, sa hannu, ka miƙa kafin zaman da majalisar birni za ta yi kan kuɗin ko a wurin zaman. In ba haka ba, da wuya kotu ta saurare ka, kuma kwana 30 kawai gare ka na ɗaukaka ƙara daga ranar da majalisar ta amince da kuɗin.